Sayen Gida a Bakin Tekun Legas: A Binciki Gini Kafin a Biya Kuɗi

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayen huhun goro a Agege ya san ba a ƙirga kuɗi sai an kwance ganye an tona har ƙasa. Haka nan mai sayen sa a kara ba ya tayawa sai ya duba haƙori da kofato, ya kuma sa an kora dabbar ya ga tafiyarta. Abin mamaki shi ne, mutumin da ba ya yarda a rufe shi a kan kayan 'yan dubbai, shi ne kuma zai kwashi ribar shekara 20 ya zuba a kan gida a Lekki ko Ajah ko Badagry, bayan ya zagaya ɗakuna na rabin sa'a tare da dillali, ya ga fenti yana sheƙi, tayil yana ɗaukar ido. Wannan shi ne cinikin biri a sama, kuma a gari irin Legas, wanda ke zaune tsakanin teku da tafki, haɗarin irin wannan ciniki ya fi na sauran wurare yawa.

Matsayin wannan sharhi shi ne, bai kamata a kammala cinikin kowane gida a yankin bakin teku ba sai ƙwararren injiniya mai zaman kansa, wanda mai saye ya zaɓa kuma ya biya, ya binciki lafiyar ginin, ya rubuta rahoto, ya sa hannu. Ya dace wannan ya zama al'adar kasuwa tun kafin ya zama doka, kuma masu saye da bankuna da kamfanonin inshora su ne ke da ikon mayar da shi al'ada.

Batun ya shafi 'yan kasuwar Arewa kai tsaye. Zuriya bayan zuriya, Hausawa sun kafu a Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12, suna fataucin goro da dabbobi da kayan gwari, suna harkar sufuri da canjin kuɗi. Shekarar 2023 ta girgiza masu ajiyar Naira, lokacin da aka saki darajarta ga kasuwa, kuma a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. A irin wannan hali mai kuɗi yakan gudu zuwa ga ƙasa da gini domin ya tsare dukiyarsa. Dabarar ba ta da laifi, amma gida ba ya adana dukiya sai idan shi kansa yana da lafiya.

Da farko dai akwai wani ruɗani da ya kamata a warware. Idan aka ce wa mai saye ko an duba gidan, sau da yawa yakan amsa da cewa ai safiyo ya zo, lauya ma ya je Alausa. Waɗannan ayyuka ne masu muhimmanci, amma kowanne da iyakarsa. Safiyo yana auna fili ne, ya tabbatar da iyakoki da duwatsun shaida, ya kuma gano ko filin ya faɗa cikin wanda gwamnati ta karɓe. Lauya yana bincika rajistar filaye ne, ya ga ko takardar shaidar mallaka ta gaske ce, ko an jinginar da gidan, ko kuma an sami amincewar gwamna kamar yadda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanada. Mai ƙiyasta daraja, wanda banki kan turo, shi kuma farashi yake nema, wato nawa gidan zai yi idan an sa shi a kasuwa. A cikin su ukun babu wanda aikinsa ne ya faɗi abin da ke cikin ginshiƙi ko abin da ke ƙarƙashin harsashi. Mutum na iya riƙe takardu masu kyau ƙwarai a kan ginin da ke mutuwa a tsaye.

Mai yiwuwa wanda ya saba da ginin Kano ko Sakkwato ya ga kamar an cika zuzuta abin. Amma ƙasar bakin teku tana da maƙiya gini waɗanda ba a san su sosai a tudu ba, kuma na farkonsu shi ne gishiri. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, wanda kan sauka a jikin bango, ya bi ƙananan ƙofofin kankare a hankali har ya kai ga rodi. Da zarar ya kai, sai rodin ya fara tsatsa. Ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta cinye girma har ninki biyu ko fiye, saboda haka sai ta riƙa tura kankaren daga ciki, ya tsage, ya ɓamɓare, ya ƙara buɗe wa gishiri da ruwa hanya. Abin da ke kare rodi shi ne kaurin kankaren da ya lulluɓe shi da kuma ingancin kwaɓin. Shi ya sa ƙa'idojin aikin injiniya suka buƙaci lulluɓi mai kauri a bakin teku fiye da na cikin ƙasa. Magini mai son rage kuɗi yakan yi wa wannan ƙa'ida riƙon sakainar kashi, domin ya san illar ba za ta bayyana ba sai bayan shekaru, lokacin da ya riga ya sayar ya yi gaba.

Wani lokaci ma gishirin ba daga iska yake zuwa ba, tun ranar kwaɓi aka zuba shi. Yashin da aka haƙo daga teku ko bakin tafki ba a wanke shi ba, da ruwan rijiya mai zartsi da aka kwaɓa siminti da shi, dukansu suna shigar da gishiri cikin jikin ginin tun yana ɗanye. Idan aka haɗa da rodin da bai kai kaurin da aka rubuta a zane ba, da bulon da aka buga da ƙarancin siminti, sai a sami gini mai kyan ɗan maciji. Ya kamata kuma a tuna cewa a farkon 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wurare da dama. Duk lokacin da kayan gini suka yi irin wannan tashi, jarabar rage mudu takan ƙaru, don haka gidan da aka gina a irin wannan lokaci ya cancanci a ƙara zuba masa ido.

Maƙiyi na biyu shi ne ƙasar kanta. Yawancin yankin Lekki da wasu sassan Victoria Island da Ikoyi fadama ce da dausayi da aka cike da yashi. A ƙarƙashin cikon akwai laka mai taushi da ruɓaɓɓen ciyayi, waɗanda ke lotsawa a hankali idan an ɗora musu nauyi. A irin wannan wuri injiniyoyi kan yi gwajin ƙasa tukuna, sa'an nan su zaɓi ko a yi shimfiɗar kankare guda ɗaya a ƙarƙashin ginin duka, ko kuma a kafa turakun kankare masu zurfi har su kai ƙasa mai ƙarfi. Dukansu suna da tsada, kuma dukansu a binne suke, mai saye ba zai gan su ba. Idan aka tauye harsashi, gefe ɗaya na gidan yakan nutse fiye da ɗaya. Alamomin su ne tsagewar da ke tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, da ƙofofin da suka daina rufuwa daidai, da daɓen da ya karkata. Gwangwanin fenti da ɗan filasta sun isa su ɓoye waɗannan alamomi na wata shida, kuma wata shida ya ishi mai sayarwa.

Na uku shi ne ruwa. Legas tana samun ruwan sama da ya kusan ninka na Kano, ga shi kuma wurare da yawa ba su fi teku tudu da wani abin kirki ba, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma yana kusa da sama. Ambaliyar 10 ga Yuli, 2011, da ta watan Yuli na 2017, da kuma ta farkon Yuli na 2024, sun nuna cewa unguwannin masu hali ba su tsira ba. A nan ne lokacin saye ke da tasiri. Gidan da aka gani a watan Janairu, iska ta bushe, titi fes, ba shi ne gidan da za a gani a watan Yuni ba. Akwai kuma wata matsala da ba kasafai ake lura da ita ba: idan aka sake gina titi aka ɗaga shi, gidajen da ke gefensa sukan koma rami, duk ruwan unguwa ya gangaro musu. Ruwan da ke kusa da sama yana hana sokawe tsotsewa, yana sa danshi ya hau bango idan ba a sa abin tare shi a harsashi ba, yana kuma iya gurɓata rijiyar burtsatse da gishiri ko ƙazanta. Mai haya da ya sha wannan wahala damina ɗaya ba zai sabunta haya ba.

Ita kanta gaɓar ba a tsaye take ba. Tun bayan da aka gina shingayen duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas tsakanin 1908 da 1912, yashin da igiyar ruwa ke kawowa daga yamma ya daina isa Bar Beach yadda ya saba, teku ta yi ta cin gaɓar shekara da shekaru, har aka zo ga aikin cike teku na Eko Atlantic da katangarsa. Ƙauyukan da ke gabas da wurin, irin su Okun Alfa, sun yi asarar filaye da gidaje, kuma a watan Agusta na 2012 tumbatsar teku ta halaka mutane a Kuramo. Bayan barazanar teku akwai ta katafila. A ƙarshen 2023 gwamnatin jihar ta rushe gidaje a yankin Ikota saboda sun tare hanyar magudanar ruwa, a 2024 kuma aikin babbar hanyar bakin teku daga Legas zuwa Kalaba ya ci gine-gine da dama. Wanda ya sayi gidan da ya shiga tazarar da doka ta ware wa magudana ko tafki ko teku, ya sayi rigima ne da kuɗinsa, ko da kuwa ba shi ya gina ba.

Tarihin rushewar gine-gine a Legas sananne ne. A watan Satumba na 2014 masaukin baƙi na wata majami'a a Ikotun ya rufta, mutane fiye da 110 suka mutu, yawancinsu 'yan Afirka ta Kudu. A watan Maris na 2016 wani bene da ake ginawa a Lekki ya kashe fiye da mutane 30. A watan Maris na 2019 wani tsohon bene mai ɗauke da makaranta ya faɗi a Ita-Faji da ke tsibirin Legas. Sai kuma ranar 1 ga Nuwamba, 2021, da bene mai hawa 21 ya ruguje a titin Gerrard da ke Ikoyi, ya halaka fiye da mutane 40, har da mai ginin. Wannan na ƙarshe yana da darasi na musamman ga masu kuɗi: wuri ne da ya fi ko'ina tsada a ƙasar nan, ana tallan gidajen cikinsa da dala, kuma daga baya ta bayyana cewa kamfanin injiniyoyin da ya fara kula da aikin ya rubuta takardar janye hannunsa tun a 2020. Tsadar unguwa da girman farashi ba su zama shaidar inganci ba.

Duk da haka, gaskiya ita ce rushewa ita ce ƙarshen da ba a cika kaiwa ba. Asarar da ta fi yawa ita ce wadda ba ta shiga jarida, wato ta mutumin da ya sayi gida, bayan shekara uku ya ga kankare yana zubowa daga silin, aka ce masa sai an fasa ginshiƙai an sake ɗaure su, masu haya suka tashi, kuɗin gyara ya cinye hayar shekaru. Misalin da ya fi bayyana yadda ciwon gini ke tafiya a hankali ya zo ne daga Amurka. A garin Surfside na jihar Fulorida, wani bene mai hawa 12 da ke bakin teku, wanda aka kammala a 1981, ya rufta a watan Yuni na 2021, mutane 98 suka rasu. Tun a 2018 wani injiniya ya rubuta rahoto yana gargaɗi game da mummunar lalacewar kankare a ƙasan ginin, amma aka daɗe ana ja-in-ja a kan kuɗin gyara, wanda ya kai kimanin dala miliyan 15. A 2022 jihar ta kafa dokar tilasta binciken tsofaffin benaye, ta kuma rage wa'adin ga waɗanda ke kusa da teku. Wannan misali ya nuna amfanin bincike, ya kuma nuna iyakarsa, domin rahoton da aka karanta aka ajiye ba ya tallafe gini.

To, mene ne binciken ya ƙunsa? Injiniya yakan fara da takardu: zanen da hukuma ta amince da shi, da lissafin ƙarfin ginin, da rahoton gwajin ƙasa, da sakamakon gwajin kankare da rodi, da kuma takardar shaidar kammalawa da cancantar zama wadda hukumar kula da gine-gine ta jihar, wato LASBCA, ke bayarwa. Daga nan sai ya gwada abin da ke takarda da abin da ke ƙasa. Idan an amince da hawa uku aka tarar da biyar, magana ta ƙare tun daga nan, domin harsashin da aka lissafa wa uku ne ke ɗauke da biyar. Sai ya bi ginin daga rufi zuwa harsashi, ya duba kwano da katakon rufi ko gara ta shiga, ya auna danshin bango, ya bi tsagewa ya rarrabe wadda ke fatar filasta da wadda ta ratsa gini, ya duba wayoyin lantarki da bututun ruwa, waɗanda su ma gishiri ba ya ƙyale su.

Akwai na'urorin da ke taimaka masa ba tare da an fasa komai ba. Akwai wata 'yar guduma mai auna taurin kankare, da na'urar da ke gano inda rodi yake da kaurin abin da ya lulluɓe shi, da wadda ke aika sauti ta cikin ginshiƙi domin gano rami ko ruɓewa. Idan shakka ta yi yawa, ana iya huda kankaren a ciro ɗan yanki a kai ɗakin gwaji, kuma jihar Legas tana da ɗakin gwajin kayan gini nata. A waje kuma zai auna tudun daɓen gidan a kan titi da kwata, ya nemi alamar da ambaliya ta bari a katanga, ya ɗebi ruwan rijiya a gwada, ya kuma tambayi maƙwabta da masu gadi, waɗanda galibi sun fi dillali sanin abin da ke faruwa a watan Yuli. A ƙarshe rahoto mai amfani shi ne wanda ya rarraba aibobi: wanda ke barazana ga rai, da wanda ke bukatar gyara nan kusa, da wanda zai iya jira, tare da ƙiyasin kuɗin kowanne.

Masana tattalin arziki suna da bayani a kan abin da ke faruwa a kasuwar da mai sayarwa ya san kayansa, mai saye kuwa bai sani ba. A 1970 wani Ba'amurke, George Akerlof, wanda daga baya ya sami lambar yabo ta Nobel a 2001, ya yi nazarin kasuwar tsofaffin motoci, ya nuna cewa idan mai saye ba zai iya bambance mai kyau da maras kyau ba, to zai taya su duka da farashi ɗaya. Sakamakon haka mai kaya nagari ba ya samun ladan ingancinsa, sai ya janye ko shi ma ya rage inganci, kasuwa ta cika da tarkace. Haka abin yake a harkar gidaje. Maginin da ya kashe kuɗi a kan turaku masu zurfi da yashi mai tsabta yana gogayya da wanda ya kashe nasa a kan fitilu da marmara, kuma a idon mai saye na biyun ne ya fi kyau. Ke nan rashin bincike yana hukunta mai gaskiya, yana saka wa mai ha'inci. Duk rahoton injiniya da aka nema kafin ciniki yana ɗan gyara wannan ma'auni.

Doka ma ba ta tsaya wa mai sakaci sosai. Tsarin cinikin ƙasa da Nijeriya ta gada daga Ingila ya ɗora wa mai saye nauyin buɗe idonsa game da halin da gini ke ciki. Mai sayarwa zai amsa laifi idan ya yi ƙarya ko ya ɓoye aibi da gangan, amma tabbatar da haka a kotu aiki ne mai cin shekaru da kuɗi. Ɗan kasuwar da ya taso a kan ƙa'idar fiƙihu ta mayar da kaya idan an gano ɓoyayyen aibi, kada ya ɗauka zai sami wannan sauƙi bayan ya sa hannu a takardar sayen gida a Legas. Kariyarsa tana cikin abin da ya rubuta a yarjejeniya kafin ya biya.

Masu sukar wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ya kamata a saurare su. Hujja ta farko ita ce tsada. Amma a yi lissafi: a ɗauka gida ne na Naira miliyan 150, a kuma ɗauka binciken ya ci Naira miliyan 1.5, to kashi 1 ne cikin 100 na farashin. Mai saye yakan biya dillali la'adar da ta ninka haka ba tare da gardama ba, alhali dillali ba ya samun ko kwabo sai ciniki ya faɗa, don haka ba shi da dalilin tona aibi. Bugu da ƙari, rahoton da ya nuna gyaran miliyan 10 makami ne na neman ragi, sau da yawa shi ke biyan kuɗin kansa.

Hujja ta biyu ita ce gaggawa, wai idan aka tsaya bincike wani zai riga saye. Maganin wannan shi ne a ba da kafin alƙalami bisa sharaɗi a rubuce, cewa mai saye yana da mako biyu ko uku ya kawo injiniyansa, kuma za a mayar masa da kuɗinsa idan an sami babban aibi. Mai sayarwar da ya ƙi wannan sharaɗi ya riga ya ba da rabin amsar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Hujja ta uku ta fi sauran nauyi: a ƙasar da ake sayen hatimi da sa hannu, me zai hana rahoton injiniya ya zama wata takardar bogi? Wannan tsoro yana da tushe. Shi ya sa ya zama dole mai saye ne zai zaɓi injiniya, ba mai sayarwa ko dillali ba, ya kuma tabbatar da lambar rajistarsa a hukumar COREN, wadda aka kafa tun 1970 domin kula da aikin injiniya, ko a CORBON idan magini ne. Ya kuma kamata a nemi injiniyan da ke da inshorar kuskuren aiki, domin wanda ya san za a bi shi diyya idan ya yi sakaci ya fi taka tsantsan da alƙalaminsa. Su kuma waɗannan hukumomi, nauyi ne a kansu su fitar da tsari guda na rubuta irin wannan rahoto, su riƙa bayyana sunayen waɗanda suka soke wa rajista.

Wasu kuma za su ce ai aikin gwamnati ne. Gaskiya ne akwai kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, kuma dokar tsara birane ta jihar Legas ta 2010 ta samar da hukumar ba da izinin gini da ta sa ido a kansa. Amma birnin yana girma fiye da yadda jami'ai za su iya bi, kuma ko da sun yi aikinsu daidai, suna duba gini ne lokacin da ake yin sa. Ba su da alhakin gaya wa mai saye halin da gidan ke ciki bayan ya sha iskar teku shekara 15.

Shin ya kamata a tilasta binciken da doka? Birtaniya ta ba da darasi iri biyu. A Sikotland, tun daga watan Disamba na 2008, duk mai son sayar da gida sai ya tanadi rahoton da ya haɗa da binciken ƙwararre a kan halin ginin, kuma tsarin ya zauna. A Ingila kuwa an ɓullo da wani kunshin takardu na tilas a 2007, amma tun kafin ya fara aiki aka mayar da binciken halin gini ganin dama, sai ya zama ƙarin kuɗi maras amfani, aka soke shi a 2010. Abin da Legas za ta ɗauka a nan shi ne, dokar da ta ƙara takarda ba ta ƙara sani ba, wani shingen karɓar kuɗi kawai za ta zama. Hanya mafi dacewa ita ce a fara da benaye masu gidaje da yawa da kuma gine-ginen da ke kusa da teku da tafki, a wajabta wa mai sayarwa ya miƙa zanen da aka amince da shi da sakamakon gwaje-gwaje, ya kuma bayyana a rubuce ko ruwa ya taɓa shiga gidan, ƙarya a kan haka ta zama dalilin warware ciniki.

Bankuna da kamfanonin inshora ba sa bukatar jiran majalisa. Bankin da ya karɓi gida a matsayin jingina bisa ƙiyasin farashi kaɗai, ya ɗora bashinsa a kan abin da bai san lafiyarsa ba. Wannan ya shafi 'yan kasuwa ta fuska ta biyu, domin da yawansu suna sayen gida a Legas ne da niyyar jinginar da shi su ɗauki jarin shigo da kaya. Idan bankuna suka sa rahoton injiniya cikin sharuɗɗan bashi, kamfanonin inshora kuma suka riƙa rage kuɗi ga ginin da aka bincika, to cikin 'yan shekaru gidan da ke da rahoto zai fi wanda ba shi da shi daraja, masu gini kuma za su bi inda riba take.

Akwai kuma masu biyan kuɗin gida tun yana zane a takarda, saboda rangwamen da ake yi musu. Waɗannan sun fi kowa bukatar injiniya, kuma sun fi kowa damar amfana da shi, domin za a iya ganin harsashi kafin a binne, a ƙirga rodi kafin a zuba kankare. Tun ran gini, tun ran zane. Abin da ya dace shi ne a raba biya kashi-kashi, kowane kashi ya biyo bayan shaidar injiniyan mai saye cewa an kammala matakin yadda zane ya ce.

Saboda haka, ɗan kasuwar da ke shirin sayen gida a Lekki ko Ajah ko Badagry, haka ma a Fatakwal ko Warri ko Kalaba inda ruwa da laka ke da irin wannan hali, ya sa kuɗin injiniya cikin lissafinsa tun farko, kamar yadda yake sa na lauya da na dillali. Ya nemi takardun gini kafin ya nemi ragi, ya je ya ga unguwar bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ya rubuta sharaɗin mayar da kafin alƙalami, kuma idan rahoto ya ce harsashi ya motsa, ya haƙura ya nemi wani gidan komai kyan wannan. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Arewa da ke Legas za su yi wa mambobinsu babban amfani idan suka tanadi jerin injiniyoyi masu rajista da aka gwada amanarsu, yadda duk wanda ya tashi saye zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.